Haifaffun Makka marasa igama: me kullen korona ya tona?

Malam Habibu (Jidda):
Assalamu alaikum warahmatullah. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gaban manya. Maganar mutanenmu ce mazauna Makka da Jidda da ba su da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, musamman 'ya'yan da a can aka haife su, da halin da suka shiga lokacin korona.

Ga yadda abin ya tafi, saboda wanda bai bi ba. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara. Tsakiyar Maris aka tsayar da jiragen ƙasashen waje. Ranar 30 ga Maris ministan lafiya na lokacin, Tawfiq al-Rabi'a, ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa a yi wa duk wanda korona ta kama magani kyauta, ɗan ƙasa da baƙo, har da wanda ya karya dokar zama. Umarni ne abin yabo, Allah ya saka. Sai dai a daidai wannan lokaci aka killace wasu unguwannin Makka, irin su Misfala da Ajyad da Nakkasa da Hosh Bakar, ba shiga ba fita. Ranar 2 ga Afrilu aka sa wa Makka da Madina dokar hana fita ta awa 24. A nan Jidda ma an rufe su Gulail da Fetromin da Kilo 14. Duk wanda ya san garuruwan nan ya san su wa ke kwana a waɗannan lunguna.

Abin da nake cewa shi ne, hukumar da ta yarda ta kwantar da mutum a asibiti ba ta tambaye shi takarda ba, ai ta amsa cewa yana nan, kuma lafiyarsa ta shafi ta kowa. To me ya hana a ƙarasa ladan, a yi wa mutanen nan rajista a ba su takardar zama ko da ta shekara biyu ce? Maimakon haka sai aka kwashe rayuwa kacokan aka zuba cikin waya, izinin fita a waya, shiga kanti a waya, rigakafi a waya. Wanda ba shi da lambar shaida ya zama babu shi. Ina neman ra'ayinku.

Alhaji Sabo:
Wa'alaikumussalam. Malam Habibu, ka san ina ganin girmanka, amma a nan ba na tare da kai. Ƙasa tasu ce, doka tasu ce. Mutum ya karɓi bizar Umara ta 'yan makonni, ya shiga ya ɓace, ya yi shekara ashirin, ya yi aure ya hayayyafa, sannan a ce laifin hukuma ne da ba ta ba shi igama ba? A 2017 sun yi afuwa ta kwana 90, suka ce duk wanda ba shi da takarda ya fito ya tafi gida ba tara ba ɗauri, har aka ƙara wa'adin. Mutum nawa cikin namu suka fita? Harkar tafiye-tafiye nake yi, ni na san irin tambayoyin da ake yi wa mai fasfon Najeriya saboda abin da wasu suka shuka. Idan aka ba duk wanda ya yi zamansa takarda, gobe jirgin Umara zai tafi cike ya dawo rabi.

Hajiya Maman Fahad:
Alhaji, ka yi maganar doka, ni bari in faɗa maka abin da idona ya gani, domin a Makka kullen ya same ni.

Abincinmu duk a jikin Harami yake. Wani yana tura keken marasa ƙarfi a ɗawafi da sa'ayi, wata tana sayar da hatsin tantabara, wata tana dafa wa alhazai tuwo da miyar kuka, wasu suna shagala, wato aikatau, a gidajen Larabawa, yara maza suna wankin mota. Ranar da aka tsayar da Umara duk wannan ya tsaya cak. Matan gida suka ce wa 'yan shagala kada su ƙara zuwa, kada su kawo musu cuta. Mu da muke samu mu ci a ranar, sai ga shi an kulle mu, kuma tarar fita riyal 10,000 ce.

A gidan da muke haya ɗaki huɗu ne, iyali huɗu, banɗaki ɗaya. Azumi ya zo babu shimfiɗar buɗe-baki a Harami, wadda mutane da yawa da ita suke dogara duk shekara. Masu alheri sun kawo kwalaye, shinkafa da mai da dabino, ba zan ɓoye alherinsu ba. Amma idan mota ta tsaya a bakin lungu ba ka san ta rabon abinci ce ko ta askarawa ba, sai a tura ƙaramin yaro ya leƙo. Wata dattijuwa maƙwabciyata numfashinta ya sarƙe, muna jin ƙarar ƙirjinta ta bayan bango. Muka ce Inna a kira motar asibiti, Sarki ya ce kyauta ne. Ta ce idan ta warke fa, ta wace ƙofa za a fito da ita, ta gida ko ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu? Da habbatus sauda da lemon tsami da ruwan zafi aka yi jinyarta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jikokinta shida suna kwana ɗaki ɗaya da ita.

Alhaji Sabo:
Allah ya ƙara mata lafiya. Amma Hajiya, ai kin faɗa da bakinki, an ce kyauta ne ita ta ƙi zuwa.

Dakta Maryam:
Baba Alhaji, a nan ne gizo ke saƙar. A aikin lafiyar al'umma, cewa "kyauta ne" rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne mutum ya tabbata cewa sunan da ya bayar a asibiti ba zai bi shi gida a hannun jami'in shige da fice ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gudun duk mai kaki ba sanarwa ɗaya a talabijin za ta cire masa wannan tsoro ba, balle yana ganin ana ci gaba da kwasar mutane. A farkon Afrilun 2020, ana tsakiyar annoba, Saudiyya ta mayar da 'yan Habasha kusan 3,000 Addis Ababa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a dakata. A watan Agusta ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan 'yan Habashan da 'yan Huthi suka kora daga arewacin Yaman da sunan su ke yaɗa cutar, aka tsare su a cunkushe a Jizan da al-Dayir na Saudiyya. Waɗannan labarai sun zaga wayoyin mutanenmu. Wa zai kai kansa?

Kuma asarar ba ta tsaya a kan marar takarda ba. Cutar numfashi a gidan da mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya ba ta zama a gidan. Wanda ya ɓoye ciwonsa ba a gwada shi, ba a bin sawun waɗanda ya yi hulɗa da su, ba ya shiga lissafi. Ku lura, da aka fara sassauta wa sauran ƙasar a ƙarshen Mayu, Makka aka bari a kulle, sai 21 ga Yuni aka buɗe ta.

Abdul'aziz ɗan Makka:
Salam ya jama'a, ku yi haƙuri da Hausata. Alhaji ya ce mutum ya shiga ya ɓace. Ni ban shiga ba, a can na buɗe ido. Babana ma a Makka aka haife shi, kakana ne ya zo. A gida aka haife ni, ungozoma ta yanke cibi, babu takardar asibiti, babu komai. Ban yi makarantar gwamnati ba, halƙar haddar Alƙur'ani na yi a masallacin unguwa. Layin wayata da sunan wani abokina mai igama aka yi rajistarsa, don sai da lamba da zanen yatsa ake sayar da layi.

Da korona ta zo aka kawo manhajar Tawakkalna. Farko ta izinin fita ce, daga baya ta zama sai ka nuna ta a ƙofar kasuwa da ta masallaci. Tana buɗewa lamba take tambaya. Lambar ɗan ƙasa da 1 take farawa, ta mai igama da 2. Ni ba ni da ko ɗaya. Daga 1 ga Agustan 2021 aka ce ba shiga ma'aikata ko kanti ko motar haya ta gwamnati sai wayarka ta nuna ka yi rigakafi. Wallahi ina son in yi allurar, amma rajistar ma lamba take nema. Kafin korona ina zaga gari a hankali, na san inda ake tsayar da mutane, na san inda ba a tsayarwa. Bayan korona kowane mai gadin kanti ya zama mai duba takarda.

An kama ni a hanyar wankin mota. Bayan zaman tarhil aka sa ni a jirgi zuwa ƙasar da ban taɓa gani ba. Yanzu ina Kano wajen dangin mahaifiyata.

Ustaz Nura:
Allah sarki. Abdul'aziz, Allah ya sa hakan ya zama alheri. Alhaji Sabo, ina so a raba mutum biyu da ake haɗawa a maganar nan. Akwai wanda ya tafi jiya da bizar Umara da niyyar zama, akwai kuma zuriyar da ta daɗe a Hijaz tun kafin a kafa masarautar a 1932. Mutanenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya Hajji a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur su ƙetare Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a Sudan, garin yana nan da sunansa a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Wasu suka zarce har Makka da Madina.

Waɗanda kakanninsu suka yi rajista da wuri sun zama 'yan ƙasa. Su ne Hausawi da Fallata da Barnawi da kuke ji. Usama Hausawi ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya, Shaikh Umar Fallata ya karantar a Masallacin Annabi shekara da shekaru. Wasu kuwa kakanninsu ba su je an rubuta su ba, ko don rashin sani ko don gudun hukuma, sai ya zama jikokinsu ba su da komai. Dokar ƙasar ta jini take bi ta wajen uba, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta ba ka zama ɗan ƙasa. Gida biyu a lungu ɗaya, kaka ɗaya, ɗaya jami'in gwamnati ne, ɗaya yana ɓuya idan ya ga motar jawazat, jami'an shige da fice.

Kuma abin da Malam Habibu yake nema ba baƙon abu ba ne a wajensu. Tun daga 2013 sun gyara wa 'yan Burma mazauna Makka zama, suka ba su igamar shekara huɗu kyauta. Ke nan hanyar tana nan.

Alhaji Sabo:
Ustaz, 'yan Burma ba su da ƙasar da za ta karɓe su, gwamnatinsu ta ce ba nata ba ne. Namu suna da ƙasa. Najeriya tana nan, Nijar tana nan, Chadi tana nan. Wannan shi ne bambancin.

Abdul'aziz ɗan Makka:
Alhaji, da na je neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sai aka ce in faɗi sunan mai unguwar garin babana. Ban sani ba. Mutumin ya ji harshena ya ce ni ɗan Sudan ne ko ɗan Chadi, in tafi in kawo wanda ya san kakana. Kakana ya bar garin tun kafin a haifi wanda yake tambayar tawa. A can ana ce mini ɗan Najeriya, a nan yara suna ce mini Balarabe. Na iya karatu da rubutu da Larabci sosai, boko kuwa yanzu nake koyon haɗa baƙi, wannan saƙon ma ƙanwata ce take gyara mini.

Isufu Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Ina biye da ku tun ɗazu. Abin da kuke faɗa na gabas, mu ta arewa muka gan shi. A watan Maris na 2020 Nijar ta rufe iyakokinta saboda cutar, amma Aljeriya ba ta daina turo mutane ba. Ana kawo su cikin manyan motoci a sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, cikin rairayi, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Ƙungiyar likitocin MSF da ke aiki a wurin ta ƙirga sama da mutum 23,000 a shekarar 2020 kaɗai. Assamaka ɗan ƙaramin gari ne, ina za a killace wannan jama'a har sati biyu? Daga nan sai Arlit, sai Agadas.

Da yawa cikin 'yan Nijar ɗin mata ne da yara daga yankin Kance, nan jiharmu. Tun 2014 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu ta maido su. Ana maido su, bayan damina su koma, don gonar ba ta ciyar da gida. Ko mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara, bai tsayar da tafiyar ba. Shi ya sa nake ganin Alhaji, kora ba ta maganin abin. Kuɗin mota kawai ake ɓatawa, mutane kuma su ƙara bin hanyar da ta fi haɗari.

Awudu Kumasi (Italiya):
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Malam Habibu ya ce a ba da takarda lokacin annoba, to mu nan an gwada, bari in ba ku labarin daɗinsa da ɗacinsa.

Fotugal ce ta fara. Ƙarshen Maris 2020 ta ce duk baƙon da ya riga ya shigar da takardar neman zama, a ɗauke shi kamar mai izini na ɗan lokaci, ya ga likita, ya karɓi tallafi, ya kama haya. Italiya kuma sai da ta ga kayan gona za su ruɓe, don ma'aikatan gabashin Turai ba su samu shigowa ba, sannan a watan Mayu ta buɗe abin da suke kira sanatoriya. Ministar noma Teresa Bellanova har hawaye ta yi wajen sanarwa, ita ma tana yarinya ta yi aikin gona. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta mutum sama da 207,000 suka nema.

Amma ku ji sharaɗin. Aikin gona ne da aikin gida da kula da tsofaffi kawai, mai aikin gini ko ɗakin girki ba ya ciki. Kuma a babbar hanyar, mai gidanka ne zai nema maka, ya biya yuro 500. Ina mai gonar tumatir da yake biyanka a ɓoye zai je ya rubuta kansa? Sai aka samu masu sayar da kwantiragin ƙarya, yara suka ci bashin dubbai suka saya. Kusan kashi 85 cikin 100 na takardun na aikin gida ne, gonar da aka yi dokar dominta kaɗan ta samu. Ga jinkiri, wasu sun haura shekara biyu suna jiran a kira su. Duk da haka na san waɗanda yau suke da takarda, suna biyan haraji, sun je gida sun ga iyayensu. Darasin da na ɗauka shi ne, in za a yi, kada a ɗaura takardar a wuyan mai gida.

Malam Habibu (Jidda):
Awudu, ka taɓo inda yake mini ciwo, domin mu nan komai a wuyan kafili yake, wato mai gidan da ya tsaya maka a kan igama. Mutane suna zaton duk marar igama da gangan ya zauna. Da yawa da igamarsu suka shigo. Korona ta zo, kamfani ya tsaya, kafili bai sabunta ba, ko ya daina biyan albashi, ka fita neman abin da za ka ci ya rubuta maka hurub, wato ya kai ƙara cewa ka gudu, shi ke nan ka zama mai laifi. Gwamnati ta biya kashi 60 cikin 100 na albashin ma'aikatan kamfanoni ta tsarin Sanid, amma 'yan ƙasa kaɗai. An sabunta wa wasu igama kyauta na wata uku, wannan gaskiya ne. Sai dai a Yulin 2020 harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15, kuma a watan ne kuɗin da ake biya wa kowane ɗan rakiya ya kai riyal 400 a wata. Mai mata da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata kafin a ci abinci. Na san magidanta da suka kasa biya, igamar 'ya'yansu ta mutu suna ji suna gani. Yaran nan su ne Abdul'aziz na gobe.

Gyaran dokar aiki da ya fara ranar 14 ga Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba, amma bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, inda mutanenmu suka fi yawa.

Alhaji Sabo:
Maganar hurub na yarda akwai zalunci a ciki, na ga irinsa. Amma ina tambaya, mu me muka yi? A watannin Afrilu da Mayu na 2020 gwamnoninmu na Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, daga Kano zuwa Kaduna da Jigawa, daga can zuwa nan, aka gwada wasu aka same su da cutar. 'Yan ƙasa ɗaya, addini ɗaya, yara ƙanana. Idan mu mun kori namu daga jiha zuwa jiha, da wane baki za mu ce wa Balarabe ya riƙe wanda ba nasa ba?

Awudu Kumasi (Italiya):
Baba Alhaji, mu 'yan zango mun sha daga ɓangare biyu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawan da aka haifa a Kumasi suka bar gidajensu. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana. Dangina sun shiga cikin duka biyun. Amma don mun yi kuskure a gida ba shi ne zai sa mu yi shiru a kan na waje ba. Duka biyun a faɗa.

Dakta Maryam:
Kuma kwasar almajiran ita ma ta nuna abin da nake faɗa ne. Ɗaukar mutane daga inda cuta take a cusa su a mota a kai su inda ba ta kai ba, babu littafin lafiya da ya koyar da haka. Kuwait a Afrilun 2020 ta yi afuwa, ta yafe tara ta biya kuɗin jirgi, amma sai mutane suka taru a sansanoni suna jira saboda ƙasashensu sun rufe filayen jirgi. Ko'ina aka zaɓi kora a tsakiyar annoba sai an tara jama'a wuri ɗaya, abin da ake cewa a guje masa.

Hajiya Maman Fahad:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai dawowar ce. Kun tuna bidiyon da ya zaga a Janairun 2021, 'yan Najeriya kwance a ƙasa a wurin tsarewa sun lulluɓa da baƙar leda? Sai da ya zaga duniya sannan aka aika jirgi. Kashin farko mutum 384 cikin 802, aka sauke su a sansanin alhazai na Abuja aka killace su. To bayan killacewar fa? Kowa ya kama gabansa. Mace ta dawo da 'ya'ya biyar da ba sa jin Hausa sosai, ba su san Turanci ba, wace makaranta za ta kai su? Yaro ɗan shekara sha huɗu a sa shi aji ɗaya da 'yan shekara shida, kwana kaɗan ya ƙi zuwa. Dangi su yi maka maraba sati biyu, daga nan a fara tambaya ina tsarabar Makka.

Waɗanda suka rage a Jidda kuma, daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwanni, Gulail da Fetromin da Sabil da Karantina duk sun tafi. Diyya ta masu gida 'yan ƙasa ce. Marar igama ba ya iya kama haya da sunansa a sabuwar unguwa, sai ya raɓa da wani.

Ustaz Nura:
Hajiya ta kawo abin da yake hannunmu. Igama ba mu ke bayarwa ba, amma karɓar wanda ya dawo aikinmu ne. Yaran nan suna da Larabcin da ɗalibanmu suke shekara huɗu a jami'a ba su kai shi ba. Islamiyyu suna neman malaman Larabci, hukumomin alhazai suna neman tafinta, 'yan kasuwar da ke hulɗa da Dubai da Masar suna neman mai rubuta musu wasiƙa. Abin da ya tsare su takarda ce da karatun boko na shekara ɗaya ko biyu. Jihohin da suka fi yawan waɗanda ake maidowa ya kamata a ce suna da aji na musamman dominsu, da hanyar da mai unguwa da limami za su shaidi mutum ta dangin uwa idan na uba sun ɓace.

Alhaji Sabo:
Wanda aka haifa a can, ban ce a kore shi ba, yaro bai zaɓi inda za a haife shi ba. Amma babban da ya tafi da ƙafarsa ya ɓuya, ina nan a kan bakata. Kuma a daina rufa wa dillalan da ke kai 'yan mata shagala asiri, mun san su, a unguwanninmu suke, ana gaishe su a masallaci. Su ne suke karɓar fasfon yarinya su ce ta yi shekara biyu tana biyan bashi.

Malam Habibu (Jidda):
A kan dillalai babu jayayya tsakaninmu, Alhaji. A kan manya kuwa har yanzu ina ganin wanda ya yi shekara ashirin yana tura tsofaffin alhazai a Safa da Marwa bai cuci kowa ba, gara a san sunansa a karɓi kuɗin igamarsa da a bar shi yana ɓuya har wata annobar ta zo. Amma ko a kan haifaffun kaɗai aka tsaya, gwamnatocinmu suna da bakin magana. Duk shekara ana zama da hukumomin Saudiyya a kan kujerun Hajji. Me zai hana a sa wannan a takardar, Najeriya da Nijar da Chadi su nema tare, su kawo misalin 'yan Burma? Kafin nan kuma a ba yaran fasfo tun suna can, domin ko an buɗe ƙofar gyara zama, marar fasfo ba shi da abin da za a manna wa igama.

Ustaz Nura:
Abdul'aziz, a wace unguwa kake a Kano? Kada ka rubuta a nan, turo mini ta akwatin sirri. Makarantarmu tana neman mai koyar da Larabci da tajwidi ajin yamma, kuma akwai malamin da ke koyar da manya boko bayan Magariba. Maganar takardar asali, ka zo da kawunka, wan mahaifiyarka ko ƙaninta, mu je wajen mai unguwarsu tare.

Abdul'aziz ɗan Makka:
Na gode Ustaz, Allah ya saka da alheri, zan turo yanzu. Mu huɗu ne a unguwar da aka maido, ɗaya ya fi ni karatu, ya haddace Alƙur'ani da Arba'una. In zo da su?

Ustaz Nura:
Ku zo gaba ɗaya, ranar Asabar bayan La'asar.